Direban da Ban Karɓi Lambarsa Ba

Da furfurata na koyi yaƙi a waya, ni da lekkol ta kora tun aji biyu. Wasa ne na gina gari da kai hari, mu talatin a runduna ɗaya, yawancinmu ƴan Nijar masu neman abinci a Tamanrasset. Dokarmu guda ce: ba a tambayar sunan gaskiya ko lambar waya, don wasunmu ba su da takardu. Ni na kafa ta, har ina taƙama.

Wasan ya tsufa, mutane suka watse. Muka rage mu biyu, ni da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai bin hanyar In Amguel. Kullum da safe yakan rubuto: "Tsoho, an kuma cinye garinka? Gadi kake ko gyangyaɗi?" Da matata ta rasu a Damagaram ban samu zuwa ba, shi na fara faɗa wa.

Yau kwana ashirin bai leƙo ba, kuma kamfanin wasan ya ce zai rufe wasan ƙarshen wata. Na kulle shago na je tashar manyan motoci ina tare direbobi: "Don Allah ɗan'uwa, ka san wani mai gari da koriyar tuta a waya?" Ɗaya ya dube ni ya ce, "Baba, lafiyarka kuwa?"

Jiya na karya dokata. Na rubuta masa sunana da lambata a cikin wasan, na sake rubutawa har sau uku. Saura kwana huɗu a rufe wasan, bai buɗe saƙon ba.