Ranar da na tsinke furen yakuwa

Ni dai na sha wuya a shekarar da soja suka miƙa mulki, kuma ba siyasa ce ta ba ni wuyar ba, fure ne. Har in koma ga Allah ba zan manta ba.

A tsakar gidanmu a Gwale uwargida tana da yakuwa gindi tara a tsofaffin kwanoni. Irin mahaifiyarta ne, daga Borno ta zo da shi ƙulle a bakin zane, kuma tsohuwar ta rasu. Duk shekara sai ta ɗebi zoborodo ta ware irin baɗi. Ni baduku ne a kasuwar Kurmi, fata kawai na sani.

Damina na ja da baya, yakuwa ta yi fure, sai aka ce sabon ɗan majalisarmu zai zo unguwa godiya. Maƙwabcina ya ce ya gani a jarida, fure ake miƙa wa manya yanzu.

"Malam, kai kaɗai ke da fure a lungun nan. Ka fitar da mu kunya."

Kaina ya kumbura. Ranar zuwansa da safe uwargida ta tafi barka, na sa almakashin aiki na kwashe furannin tas, har waɗanda ba su buɗe ba, na ɗaure da igiyar fata.

Ashe furen yakuwa ba ya kai azahar. Baƙo bai iso ba sai bayan la'asar. Abin da na miƙa masa kamar daga tukunya aka tsamo. Ya jujjuya ya ce, "Malam, miya za mu yi?" Unguwa ta kwashe da dariya.

Wannan mai sauƙi ce. A gida na tarar da uwargida tsugune gaban kwanonin. Ko murya ba ta ɗaga ba.

"Maigida, in ba fure, daga ina 'ya'ya za su fito? Irin Iya ka kai wa mai babbar riga."

Na ce zan sayo wani a kasuwa.

"To, sayo mini na Iya."

Tun daga nan, abin da ban shuka ba ba na taɓawa sai na tambayi mai shi, ko da a gidana yake.

Washegari ina idar da asuba na bi gindi-gindi a durƙushe, na samu ƙananan kawunan fure uku a ƙarƙashin ganye, almakashi ya tsallake su. Na kewaye su da kara saboda akuya, na jawo kujera na zauna gadi. Kurmi ba ta gan ni ba ranar.