Ƙosassun Gwangwanayen Maigida Tanko

Abubuwa da yawa na aikin sito sun zube daga kaina, amma ranar da Maigida Tanko ya soka wa gwangwanin soja wuƙa a gaban jama'a tana nan daram. Ku sababbin shiga kuna ta gunaguni, wai don me nake sa kowane lebura ya buɗe kumburarren gwangwani da hannunsa ranar da ya fara aiki. Kun ce mugunta ce. To ga dalilin, in kun ji ku bar ni in huta.

Sunana Garba. Kofur ake ce mini, ko da yake igiya biyun nan na ajiye su tun da aka sallame mu bayan yaƙi. Da na dawo Kumasi aka ɗauke ni a siton abinci na bariki, ni ne helman leburori, wato shugabansu. Ban yi boko ba. Abin da muke tsaro shi ne guzurin daji, wato abincin da soja ke ɗauka in an fita atisaye inda ba kuku ba tukunya: naman sa a gwangwani, wanda mu a unguwarmu ta Zongo muke ce wa konko, da kifi, da madara, da biskit, da sukari, da ganyen shayi. Na alade akwatinsa daban, na Turawa ne, ko jingina shi da namu ba ma yi.

Kowane ɗaya da tsawon ransa. Sukari da shayi ba sa mutuwa in ruwa bai taɓa su ba. Biskit kuwa zai binne ni ya binne ku. Sai an jiƙa shi a shayi ake iya tauna shi, in ƙwari sun taso sama ka kwashe su da cokali ka ci gaba da sha'aninka. Madara da kifi su ne ragwaye, ba sa son zafi. Nama yakan yi shekaru lafiya lau, amma laimar Kumasi ba ta da mutunci, tsatsa ta samu ƙofa ko kamar bakin allura ne, shi ke nan. Shi ya sa muke ɗora akwatuna kan katako, nesa da bango, tsoho a gaba sabo a baya. In an buɗe konko a cinye a ranar, ba a barin saura a ciki. Wanda kuwa samansa ya tashi ya yi tulu kamar cikin kwaɗo, wannan ya mutu. Guba ce zalla. Na ga ƙaton soja da ya ci irinsa a daji, a kan makara aka fito da shi.

Wata damina, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki, rufin sito ya yi yoyo a kusurwar da muke ajiye tsofaffin akwatunan nama. Kwatamasta, wato hafsan da sito ke hannunsa, ya zo da likitan soja, suka duba, suka ce a ware kumburarru a binne. Ƙa'idar binnewa ita ce a haƙa rami a bayan bariki, a huda kowane konko da diga, a zuba farar ƙasa, a rufe, hafsa na tsaye yana kallo.

Cikin leburorina akwai Isaka, mutumin Mosi, Hausarsa ba ta gama nuna ba, ƙarfi kamar jaki, ga riƙon amana, bai taɓa ɗaukar ko ƙwayar sukari ba. Gida ɗaya muke haya da shi a Zongo. Muna cikin haƙa ya matso ya ce, "Kofur, wannan masu ƙiba ne za a binne? Masu rama a bari?"

Na ce, "Haƙa, Isaka."

Iyakar abin da na ce masa ke nan. Na gaji, ƙafata na ciwo, kuma ni helma ne, ba malamin makaranta ba. Ana cikin hudawa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Baturen hafsan da ke kallon mu ya ruga cikin lori ya ja gilashi, mu muka ƙarasa a gurguje muka rufe rami. Ashe a cikin wannan ruwan Isaka ya tura akwati guda cikin ciyawa, daga baya ya koma ya ɗauke.

Ranar Asabar aka yi suna a gidanmu. Mai gidan da muke haya, Maigida Tanko, dillalin shanu ne, duk baƙon da ya koro garke daga arewa a wurinsa yake sauka. Jikansa na fari aka haifa, namiji. An raɗa suna da hantsi, an yanka rago, an raba goro, zaure da ƙofar gida maƙil da mutane, har daga unguwannin Tafo da Oforikrom. Ni na ɗan zagaya bayan gida, ina dawowa na tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakiyar taro, an jera manyan gwangwanayen soja a kai kamar kayan lefe. Kowanne ya yi tulu. Isaka na tsugune a gefe yana washe baki, wannan ce gudummawarsa.

Daga cikin gida ƙanshin albasa da tumatir ke fitowa. Iya Lami, uwargidan Maigida, ta riga ta ɗora babbar tukunyar miyar shinkafa, nama kawai ake jira. Matata na cikin masu girkin, 'ya'yana kuma daga tukunyar nan za su ci, su da duk wanda ke wurin. Abin da ya cece mu zuwa lokacin shi ne manyan konkon soja ba su da ɗan makullin buɗewa, mata sun yi ta juya su sun rasa ta inda ake shiga.

Na durƙusa kusa da Maigida na yi ƙasa da murya. "Maigida, wannan naman ba ya ciwuwa. Ya lalace."

Shi bai san ƙasa da murya ba, a kasuwar shanu ya saba magana. Ya ce, "Wa ya lalace? Jama'a ku ji Kofur!" Ya ɗauki ɗaya ya danna da babban yatsa, yadda yake danna kwiɓin sa. "Dubi nan. Ko motsi bai yi ba. Shekara nawa ina taɓa dabba? Wannan ƙosasshe ne. Irin na kantin Adum duk ramammu ne, ka danna su lotsa."

Na ce, "Ai ramammun su ne masu lafiya."

Taro ya fashe da dariya. Wani Bafillace mai garke har da riƙe ciki. Wani ya ce soja ya ci biskit har ya taɓa masa kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, naman shanu ya ƙare ne a Kumasi? Kai fa dillali ne. Ka aika mayanka."

Ya ce, "Naman shanu wa bai ci a gidana ba? Yau naman Ingila za a ci, a riƙa faɗi har Salaga."

Isaka ya sa baki. "Maigida, Bature wayo ne. Shi ya ga mai kyau, ya ce a binne, kada baƙin mutum ya ci. Ni ya gani da idona."

Na juya na ce, "To kai Isaka, tunda ka yarda da shi, kai za ka fara ci."

Na ɗauka zai ja da baya. Sai ya ce, "Yoo!" ya miƙe zai je wanke hannu. Dole na riƙo rigarsa.

Iya Lami ta leƙo daga soro, ludayi a hannu. "Malam, miya na ƙonewa. Za a buɗe mana ko sai baƙi sun watse? Kai kuma Kofur, in rowar Turawanka ce ta motsa, ka bari sai Litinin."

Nan na ga ba ni da kowa. In na kwashe da ƙarfi, na ci mutuncin maigidana a gaban baƙinsa, kuma ba za su bar ni in kai ƙofa ba. In na kira bariki, kafin su zo an ci an side, Isaka kuma sai gidan yari. Sai na bi ta hanyar da ya sani. Na ce, "Maigida, ba ka taɓa ganin sa da ya ci ɗanyen rogo cikinsa ya kumbura ba? Ka saye shi da sunan ƙiba?"

Ya kai konkon kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa da zobe, ya saurara, mutane duk sun yi tsit. Can ya ce, "Mai kumburi ƙara yake kamar ganga. Wannan tauri ne." Amma na ga maganar ta ɗan shige shi. Ya juya ga Liman, wanda ke zaune kusa da shi da farin rawani. Liman ya ce shi dai abin da ya sani, ba a binne abinci, amma kuma ba a ba baƙo cuta, sai a buɗe a gani.

Maigida ya ce, "Madalla. A kawo wuƙar."

Wuƙar da aka yanka ragon suna aka kawo. Ya zaɓi wanda ya fi kowanne tulu, ya dafe shi tsakanin gwiwoyinsa, babbar rigarsa sabuwa fil, shuɗiya, aikin Kano. Na ce, "Maigida, a kai shi bayan gida. Ko dai a juya bakin can." Ya ce in matsa. Liman ya sunkuyo don ya gani da kyau, Isaka ma ya kawo fuska. Ni kuma na miƙa hannu zan janye Liman. Maigida ya yi bisimilla ya soka.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar tayar keke ta fashe. Amma abin da ya fito! Wani ruwa mai kumfa, launin toka, ya yi tsiri sama ya sauko a kan gemun Maigida, da rawanin Liman, da fuskar Isaka, da hannuna har kafaɗa. Warin kuwa, na yi yaƙi, na kwana kusa da mushen alfadari, ban taɓa jin irinsa ba. Kafin ka ce me, ƙofar gida ta zama fili. Takalma kawai aka bari. Bafillacen nan mai dariya har sandarsa ya manta. Makaɗan da aka ɗauko suka tsaya can bakin kwata suna leƙe. Iya Lami ta ja ƙofar soro ta rufe, muna jin ta tana ihu a rufe tukunya.

Maigida na zaune bai motsa ba, wuƙa a hannu, abu na ɗiga daga gemunsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Kofur, ai da ka faɗa mini."

Na je na ɗebo masa ruwa. A gidansa nake haya.

Liman ya warware rawaninsa da yatsa biyu, ya ce a wannan karon binnewa ta halatta, a yi zurfi. Isaka ya haƙa ramin a bayan gida yana hawaye, rabi na wari rabi na baƙin ciki, ni na huda sauran ɗaya bayan ɗaya ina kau da kai. Maigida ya aika mayanka aka kawo cinyar sa. Da azahar mutane suka dawo neman takalmansu, suka zauna suka ci shinkafa. Ba wanda ya kwana da ciwon ciki. Rigar Kano dai ba ta sake fitowa ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan umarni ba ya shiga kan mutumin da ya san yunwa. Ka ce masa ya binne nama, zai ce to, zuciyarsa na cewa kai ne mahaukaci. Isaka ba ɓarawo ba ne, ceton abinci ya je yi. Baki ba ya gamsar da irinsa, hanci ke gamsar da shi. Shi ya sa nake ba ku diga da konko ranar farko in koma nesa. Isakan nan da ke nuna muku inda za ku soka, shi ne wanda nake ba ku labarinsa, kuma kun lura a bayanku yake tsayawa.

Yaron da aka yi wa suna Abdullahi aka raɗa masa, da bakin Liman, ina wurin. Yanzu ya yi wayo, har ana aikensa sayen koko. Ku shiga Zongo ku tambayi gidan su Abdullahi, za a ce wanne. Ku ce gidan su Konko, har akuya za ta nuna muku ƙofar.