Lasifika da Ƙanwarta

Lasifika ake kiran yayata a masaƙa, tun kafin ƙungiyar ma'aikata ta saya mata ta gaske. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, muryarmu ma iri ɗaya, amma ita duniya ta sani. Ni tela ce. Ƙyallen da aka ɗaga a zanga-zangar farko, lokacin da aka rage ma'aikata, a kekena aka ɗinka shi, ni kuma na riƙe sandarsa, ya rufe ni ruf. Washegari jarida ta fito: ga Yaya baki buɗe, hannu sama, ga ƙafafuna a ƙasan ƙyalle. Inna ta yanke hoton ta manna a bango. Na ce, "Inna, ni ma ina ciki fa." Ta ce, "Ai na gane silifas ɗin."

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Burina ɗaya, sau ɗaya dai a nuna ni a ce waccan ce.

A wancan lokacin, zanga-zanga tana da tsari, shugaba a gaba, Yaya ta bayar da waƙa jama'a su amsa. Shekaru suka ja, masaƙa ta rufe, ƙungiya ta watse. Matasan da suka taso ba ruwansu da shugaba. A waya suke kiran juna, kowa ya rubuta kukansa a kwali, kowa ya rufe fuska, don yanzu da hoto ake bin mutum har gida. Na bar ƙyalle na koma ɗinka musu takunkumi. Yaya kuwa ta ƙi rufe tata, wai ita ba ɓarauniya ba ce. Barkonon tsohuwar da 'yan sanda ke harbawa ta yi ta shaƙa har ya cinye muryar, sai raɗa ta rage mata.

Ranar da aka fito kan tsadar rayuwa Yaya tana kwance da tari. Na rufe fuskata na bi ayari. A mararraba motocin 'yan sanda suka tare hanya, wuri ya yi tsit, yaran nan ko waƙa ɗaya ba su iya ba. Na haye bencin wani mai facin taya na ɗaga tsohuwar waƙar masaƙa. Titi ya amsa har na ji a ƙirjina.

Kafin yamma bidiyon ya zaga gari. Mutane suka cika ɗakin Yaya, wai muryar Lasifika ta dawo. Ita kuma, don tsabar iya shege, sai gyaɗa kai take tana murmushi. Ina bakin ƙofa ina cika ina batsewa.

Da safe 'yan sanda suka zo gidanmu kama Yaya. Na sha gabansu na ce, "Ni ce na yi waƙar."

Babbansu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baiwar Allah, matsa. Wa bai san wannan muryar ba?"

Yaya ta yafa mayafinta ta miƙa musu hannu. Da ta zo wucewa ta raɗa min, "Koma ciki, 'ya'yanki na kallo. Kuma kin ja baiti na biyu da yawa."

Har kamun ma ita ta samu. Yanzu hoto biyu ne a bangon Inna, na biyun an ciro shi daga bidiyon, ga ni kan benci fuska a rufe. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa ta ce ga babbar 'yarta.