Zakaran Sabbi

Ina ƙarama ƙwarai Baba ya ɗauko ni daga Kalgo ya kai ni Gwandu wurin Gwaggo, ƙanwarsa, don in yi karatun allo. Lokacin Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasar ba. Makarantar a gidan wata tsohuwa take, wadda kowa ke kira Modibbo. 'Yan mata ne mu da ƙananan yara, muna zama a kan tabarmi ƙarƙashin tsamiyar tsakar gidanta.

Karatu bai zo mini da sauƙi ba. In ni kaɗai ce a bayan rumbu, ina karanta allona tsaf. Amma da an ce in matso in biya a gaban jama'a, sai murya ta maƙale mini a wuya. Na kai surar Lam yakun na tsaya cik, waɗanda muka fara tare duk suka wuce ni.

Abin da na iya shi ne kallo. Ina gane wadda ta zo ba ta karya ba daga yadda take lasar leɓe. Ina gane wadda ke ɓoye ƙafa cikin zane don kurkunu ya fito mata. Modibbo kuwa idonta ya fara rauni. Kullum da hantsi sai ta ce in kawo mata buta, in na durƙusa ta ce a hankali, "Mi kig gani yau?" In raɗa mata. Can sai ta aiki mai yunwar ɗaki ɗauko wani abu, alhali ta ajiye mata fura a bayan ƙofa.

Al'adar garin, in yaro ya kai Sabbi, iyayensa sukan yanka zakara a yi tuwon sadaka, 'yan makaranta su ci. Baba bai aiko ya tambaya ba. Ya duba ɗan maƙwabcinmu da ya fara karatu kusan tare da ni, ya ga an yi masa sadakarsa, sai ya yanke cewa ni ma na kai. Da aka gama yankan shinkafa sai ga shi a kan jaki, da jan zakara ɗaure a gefen mangala. Ya riga ya gaya wa rabin Kalgo abin da ya kawo shi.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Yaya, wa ya ce maka ta kai?"

Ta gaya masa gaskiya. Sannan ya ce to in haɗa kayana, gobe mu koma. Inna na buƙatar hannu, kuma wadda ba ta iya buɗe baki a makaranta ko korar tsuntsu a fadama ta koya. Na shige ɗaki na yi kuka, don ba na son barin gidan tsamiyar nan.

Gwaggo ta zaga wurin Modibbo, ina biye da ita. Ta roƙe ta ta rubuta mini Sabbi a allo, na yini ɗaya kawai, tunda Baba bai iya karatu ba.

"Ke ɗiyar nan, ki ji tsoron Allah," in ji Modibbo. "A kan allo zan yi ƙarya? Kira min shi."

Baba ya zo ya durƙusa a zaure, zakara a hammata, don ya rasa inda zai ajiye shi. Bayan gaisuwa ya ce, "Allah shi gafarta Modibbo, na zo in ɗauke miki nauyi. Ga alama kanta ba ya ja."

"Wa ya ce maka nauyi ce? Karatunta na tafiya kamar tsohon jakinka, gaskiya ne, na ji shigowarku tun daga bakin kasuwa." Baba ya yi murmushi bai shirya ba. "Amma ni yara aka kawo mini, ɗana, ba alluna ba. Akwai wadda ta haddace izu biyar a gidan nan, 'yar'uwarta na ciwo a gefenta ba ta sani ba. Ita ma tawa ce, ina gyaranta. Wagga kuwa, tun damina ba yaron da ya yini da yunwa a gabana, kuma ba wanda ya ji kunya. Ita ka gane min su. In ka tahi da ita, wa zai yi?"

Baba ya juyo ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. Ni kuwa ƙasa nake kallo, ina bin wata tururuwa da ido.

"To zakaran fa?" ya ce. "Mutanen Kalgo sun ga fitowata da shi. In koma da shi su ce mi?"

"Bar shi nan. Shi jira ta."

"In ya tsufa fa?"

"Sai mu ƙara itace."

Da safe Baba ya kama jakinsa shi kaɗai. Ya bar mini ƙunshin busasshen kifi, ya ce in riƙa ɗaga murya ko kaɗan ne.

Modibbo ba ta sassauta mini ba. Ta mai da biyawata bayan rumbu, daga ni sai ita, daga baya ta ƙara yarinya ɗaya, sannan biyu. Zakaran kuma ya zama ɗan gida. Yana cin tsakin Modibbo, yana bin yara da tsattsaga, ya taɓa ɓarar da tawada har sau biyu. In ya yi cara sai 'yan makaranta su ce, "Ga mai jiranki yana tambaya!" Har ni nakan yi dariya.

Sai da wata damina ta wuce kafin na kai Sabbi. Baba ya zo, aka yanka, aka yi tuwon shinkafa. Naman ya yi tauri har Modibbo, da ba ta da haƙora, ta ce ita romo ya ishe ta, ta tura mini cinyar.