Muryata a Lasifikar Mai Shinkafa

Ni mutum ne mai jan magana. Iyalina sun sani, ɗaliban zaurena sun sani, limaminmu ma ya daina ba ni addu'ar ɗaurin aure tun ranar da tuwon biki ya huce ban fita daga salati ba. Sai Allah cikin ikonsa ya ba ƙanwata ɗiya wadda bakinta ke gudu kamar injin niƙa.

Tun tana makarantar boko ta kama gambarar zamani, waƙar nan da ake jero magana a kan kiɗa ba a tsayawa haɗiyar yawu. Ta yi suna kuwa. Ana ɗaukarta biki daga Gummi zuwa Bukkuyum, samari suna yawo da muryarta a waya. Na taɓa sa ta maimaita mini waƙa ɗaya a hankali, na rubuta da ajami don in duba ko da saɓo a ciki. Ban samu ba. Habaici ne ga masu tauye mudu, amsa-amon ma ya zauna daram. Amma Innarta, ƙanwar tawa, ta ce ba za ta ci ko ƙwayar gero da waƙa ta saya ba. Ranar da yarinyar ta kawo mata atamfa sabuwa fil, sai ta rufe akurkin kaji da ita. Nan ɗiyar ta fusata, ta ce a gabana wallahi tallahi bakinta ya bar waƙa har abada.

Sai ta koma sana'ar shinkafa. Ta haɗa kai da waɗansu mata na wani ƙauye wajen Anka, waɗanda a da suke dakan dutsen zinari a turmin gida har gubar dalma ta taɓa musu yara. Su turara, su shanya, su tsince tsakuwa, ita kuma ta ƙulla a leda ta kai kasuwa. Shinkafar ta yi kyau, amma ta ƙi tafiya, domin mai ita tana zaune gum kamar wadda aka aiko gaisuwar surukai. Har babbar matan ta gaya mata gaskiya: in kasuwar Gummi ta sake ci kaya bai motsa ba, za su koma dakan dutse, don ciki ba ya jiran alkawari.

Da safiyar kasuwa sai ga ta da 'yar lasifika irin ta masu tallar maganin ɓera, wadda ke ɗaukar magana ta yi ta maimaitawa.

"Kawu, kai za ka yi mini talla."

"Ke ina naki bakin?"

"Ni ko gaisuwa na yi da ƙarfi sai ta fito da amsa-amo. Rantsuwa fa na yi."

Na gyara rawani, ko da yake abin ba ya ɗaukar hoto. Na yi basmala, na yi salati, na gai da malamai da dattawa da 'yan kasuwa, sannan na shiga bayanin shinkafa filla-filla. Mai amalanken da zai kai mana kaya kasuwa yana ta ƙorafi a waje, don haka ba mu saurari abin da lasifikar ta ɗauka ba muka tafi. Ashe abin numfashinsa gajere ne.

Tana kunnawa a bakin rumfa sai muryata ta cika layin 'yan hatsi: basmala, salati, gaisuwa, "bayan haka, 'yan'uwa, ina sanar da ku cewa..." Ɗif. Ta koma basmala.

To, a unguwarmu ni ke sanarwar rasuwa a lasifikar masallaci, kuma da haka nake farawa. Kafin mu ankara kasuwa ta yi tsit. Mahauci ya yayyafa wa wutarsa ruwa. Wata tsohuwa mai daddawa ta fara kuka tun ba ta ji ko wane ne ba. Mai kifi ya riƙe hannuna.

"Malam, wa yar rasu?"

"Ba kowa. Shinkafa ce."

"Shinkafa ta kashe shi? Ta wa ya ci?"

Nan da nan jama'a suka ja da baya daga rumfarmu. Matan ƙauyen suna zaune a inuwa suna kallo. Babbarsu ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta ce, "Bari mu kama hanya, ɗiyata. Taɓaryata tana inda na aje ta."

Na dubi ɗiyar ƙanwata, idonta ya kawo ruwa. Na ce mata abin da muka karanta tun muna yara: wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin, ya yi kaffara da ciyar da miskinai goma.

"Abin ciyarwar kuma ga shi kin jingina da shi."

"Inna fa, Kawu?"

"Ni na goya Innarki. Bar ni da ita. Amma ki fara da sunan Allah."

Ta fisge lasifikar. Basmalar da ta ci mini rabin lokaci, ita a numfashi ɗaya ta wuce ta, ba ta tauye ko harafi ba. Sai ta zuba: "Shinkafa tas, ba tsakuwa ba ƙura, tsoho mai haƙori ɗaya zo ka tura, ba wanda ya mutu, mahauci koma ka hura!"

Mai daddawa ta share hawaye, ta ce a ba ta ƙulli ɗaya tunda dai an riga an tashe ta. Kafin la'asar matan ƙauyen ne da kansu ke miƙa leda, babbarsu tana tambayar yaushe za a kawo musu wata shinkafa shanshera su turara.

Washegari Innarta ce ta dafa abincin kaffara, tana ta mita. Na leƙa madafi na same ta da kwano cike a cinya. Ta ce gishiri take ɗanɗanawa.