Bulo Goma Sha Biyu

Tun kafin a haife ni, Baba ne ke kawo ƙanƙarar walimar Sallah a layinmu na Sabo. Mata su haɗa zoɓo da kunun aya a manyan robobi, shi kuma ya je gidan ƙanƙara a Mokola ya zaɓo bulo-bulo, ya binne su cikin garin katako, ya rufe da buhu. Ba ya zaɓe da ido. Yakan ƙwanƙwasa kowane bulo da bayan wuƙa ya saurara. Wanda ya daskare har ciki yana da ƙara siririya. Wanda ruwa ke kwance a tsakiyarsa sai ya yi "ɗum", kuma irinsa ba ya kai azahar.

Shekarar da na shiga jami'a kunnen Baba ya fara nauyi. Kowa a gida ya sani, ba mai faɗa. Ranar ƙaramar Sallah da safe na raka shi. Matar da ke sayar da ƙanƙarar, wata Bayarabiya mai yawan barkwanci, ta tare mu tun daga ƙofa.

"Baba Hausa, ka zo da ɗan boko yau? Wannan siririn zai iya ɗaga bulo kuwa?"

"Littafi ya karya masa baya," in ji Baba. "Fito min da na jiya, ba na asuban nan ba."

Ta rantse duk na jiya ne. Ya fara ƙwanƙwasa. Na farko ya yi ɗum. Na ji shi sarai, kamar an bugi tulu. Baba ya gyaɗa kai ya ce a ɗora. Na biyu ma haka. Na buɗe baki, sai na ga leburori uku suna kallonsa, shi kuma ya karkata kai yana saurare da gaske. Na kasa ce masa, a gabansu, bai ji ba. Na tsaya ina lissafa su a zuci: cikin goma sha biyu, huɗu ne kawai masu kyau.

Da aka zo yankawa, zarto na shiga na farko ruwa ya tsiyayo wa Baba a ƙafa. Ya tsaya yana kallon takalminsa. Kafin la'asar zoɓon ya yi ɗumi, kunun ayar ya fara tsami, aka zubar da roba biyu a kwata. Ba wanda ya yi masa magana mai zafi. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Alhaji, rana ce ta yi yawa bana."

Da babbar Sallah ta zo, sai muka ga wani ɗan maƙwabcinmu ya sauke ƙanƙara daga keke a bakin layi. Ba a aiko wa Baba ba. Ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya je ya zauna cikin masu cin abinci. Da aka miƙo masa zoɓo ya ce shi ruwa zai sha.

Har yau yana cewa matar nan ce ta cuce shi. Nakan ce, "Haka ne, Baba," da ƙarfi, don ya ji.