Ni Na Sa Maigidana Ya Ajiye Aikinsa

Ƙarar makulli ce ta fara komai. Ina tsince shinkafa da hantsi na ji ana buɗe ƙofa, alhali maigidana ba ya dawowa daga dawam, wato wurin aiki, sai bayan la'asar. A lokacin ni matar gida ce kawai, 'yar Kano da aure ya kawo Makka, muna haya a unguwar Ka'akiyya da yara uku. Larabcina na kasuwa ne da na addu'a, bai kai na takarda ba. Shi kuwa a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne, kakansa ne ya zo Hajji ya zauna. Aikinsa a wani babban sito yake, inda ake sauke darduma da carbi da jallabiyoyi kafin a rarraba wa shaguna.

Ya zauna bai ko cire takalmi ba, ya ce za a rufe siton, wai 'yan kasuwa yanzu daga jirgi kai tsaye ake kai musu kaya. Mudir, wato manajansu, ya ba su zaɓi: ko a sallami mutum, ko ya rubuta istiƙala, ya ajiye aiki da kansa, a ba shi kyakkyawar shaida. Ya tambaye ni me na gani. Wallahi kalmar kora kaɗai na ji a kunnena. Na tuna goggona ta unguwar Aziziyya wadda magana ba ta kwana a bakinta, na tuna mahaifina da ke alfahari da surukinsa na Makka. Na ce masa mutumin da bai taɓa cin amanar kowa ba, bai kamata a ce an kore shi ba, ya fita da mutuncinsa. Ya ce to, ni ce malamar gidan ai. Washegari ya rubuta.

Daga baya muka ji cewa gwamnati na tallafa wa ɗan ƙasa da ya rasa aiki har ya samu wani. Nan kaina ya ɗaure. Maƙwabciyata ta rantse cewa na ma'aikatan masana'anta ne kawai, masu ɗaukar kaya da direbobi ba sa ciki. Mijin goggona ya ce ƙarya ne, kowa na ciki, sai dai wanda ɗan kwangila ya ɗauka. Wani abokin aikinsa kuma, wanda ya ƙi rubuta komai har aka sallame shi, sai ga shi ya fara karɓa. Aiki ɗaya, sito ɗaya! Na ce lallai an manta da sunan namu ne, na yi ta tura maigidana ofishin tallafin, ina ƙara nafila.

Ranar da ya dawo da amsa, a hankali ya faɗa mini, kamar shi ne mai laifin. An ce masa ba ruwansu da irin aikin mutum, abin da ake dubawa shi ne ko da son ransa ya bari. Shi kuma a rubuce, da son ransa ne. Har yau ban gane ba. Siton da aka rufe, wane son rai ya rage a ciki? Shin mudir ya san haka, ko shi ma bai sani ba? Ban ɗora wa kowa ba, Allah ne masani. Abin da na sani, mun bar gidan nan mun koma ɗaki biyu, shi kuma sai aikin jigilar ruwa a Arfa lokacin Hajji. Ko sau ɗaya bai goranta mini ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

'Yan uwana mata, in miji ya nemi shawararki a kan abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ku nemi masani. Kunyar mutane ba ta biyan haya. Ni kunyar ba ta sake ni da wuri ba, na daɗe ina gaya wa baƙi cewa shi ne ya gaji da aikin. Sai wata rana goggona ta zo na gaya mata haka, bayan ta tafi, 'yata ƙarama ta jawo bakin mayafina.

"Ummi, ki daina cewa Baba ya gaji. Kullum in zai kai ni makaranta sai mun bi ta gaban siton, ya tsaya yana kallon ƙofar."